Ƙamshin Ɗoɗɗoya a Kan Ghali

Ghali direba, maƙwabcinmu a unguwar Manfuha, ya kai kafilinsa, wato ubangidansa, bikin gargajiya a Rijal Alma, can kan duwatsun kudu. Ya dawo kansa na ƙamshin ɗoɗɗoya. Ni dai na raɗa wa matarsa Munirat cewa gardi ba ya ƙamshi haka kawai. Kafin la'asar ta haɗa akwati.

"Hajjo, ki ji tsoron Allah," Ghali ya ce mini, ya miƙo waya. "Can maza ke ɗaura fure a ka."

Ga shi kuwa a hoto cikin dattawa masu gemu, kowa da rawanin fure, ana cin dabino da zuma. Munirat ta yi dariya ta mayar da akwatin.

Na bi ta har ƙofa. "'Yar nan, tambaye shi wa ya kitsa masa nasa."