Layin Da Ke Kamawa A Ɗakin Baba

Tun da kunnen Baba ya yi nauyi, wayar Yaya ta zama ta kowa. Ita ce babba cikin 'ya'yansa uku, kuma a wurinta yake zaune, a ƙaramin ɗakin da ke bayan kicin. Ƙanenta, wanda ake kira Injiniya duk da ko fitila bai taɓa gyarawa ba, yana aiki a wata ƙasa mai nisa. Auta kuwa aure ya kai ta wani gari. Duk wanda ya so gaida Baba, sai ya bi ta kan Yaya.

Kuma ba ruwansu da lokaci. A gidan burodi take aiki. Tun asuba take tsaye, tana zaro tire daga tanda, tana jera burodi ya sha iska, tana ɗaure shi a leda har yatsunta su sage. Ana cikin haka wayar za ta hau ruri a aljihu, hannunta duk fulawa da mai.

"Yaya, ba ni Baba."

"Ina wurin aiki."

"Au, to in kin koma ki kira ni."

In ta koma, kafin ta cire takalmi wani ya sake kira. Ɗakin Baba kuma ba sabis, don haka sai ta kamo hannunsa su fito bakin ƙofar gida, ta tsaya a gefensa tana maimaita masa duk abin da aka faɗa da ƙarfi, har masu wucewa su san Injiniya yana fama da mura.

Ba wai ba a taɓa gwadawa ba. Bara Injiniya ya aiko wa Baba waya sabuwa dal a kwali, ya cika dangi da labarinta. Aka sa mata layi, ta ce ba ta san zancen ba. Mai gyara ya juya ta ya juya, ya ce kamfanin can ƙasar ne ya kulle ta, ba ta karɓar layin kowa sai nasa. Aka mayar da ita kwalinta aka jefa a durowa.

Ranar da Yaya ta yanke shawara, tire guda ne ya ƙone. Auta ce ta kira tana tambaya ko Baba ya sha maganinsa, Yaya ta maƙale wayar a kafaɗa tana amsawa, sai ƙauri ya cika wurin. Manaja bai yi faɗa ba. Ya dai tsaya ya dubi baƙin burodin, ya dubi wayar, ya wuce. Da ya zage ta ma da ta fi jin sauƙi.

Da aka tashi, maimakon ta hau motar gida, ta ja ƙafa zuwa wani shagon wayoyi da ta daɗe tana wucewa. An manna takarda a gilashinsa an rubuta rangwame da manyan baƙaƙe, rana har ta fara cinye rubutun. Mai shagon wani dogo ne da ke sunkuyawa in zai yi magana, kamar yana neman gafara saboda tsayinsa.

"Sannu da zuwa, Anti. Wace iri ake so?"

"Ta tsoho. Mai ƙara, mai manyan rubutu, wadda ake ganin fuskar mutum. Kuma buɗaɗɗiya."

"Duk namu buɗaɗɗu ne."

"Haka aka ce min a wancan karon."

Dogo ya yi dariya, ya zaro wata daga ƙasan kanta. Ya ce samfurin bara ce, ita aka ajiye a gilashi mutane na tattaɓawa, ga ɗan ƙarce a gefe, shi ya sa aka karya kuɗinta sosai. Yaya ta ja kujerar roba ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba, ta zare takalmi ɗaya a ɓoye ƙarƙashin kanta. Ta ce ya sa mata layinta a ciki ta gani. Ya sa, ta kama. Ta ce ya cire ya sa nasa, in dai ba kamfaninsu ɗaya ba. Ya ɗan ɓata fuska, ya nemo allura ya zaro nasa ya sa. Ita ma ta kama.

"Kin gani? Ko layin aljanu kika kawo za ta ɗauka."

"Kira ta in ji ƙararta."

Ya ƙure mata murya ya kira. Duk wanda ke shagon sai da ya waiwayo, wani yaro a bayan uwarsa ya fashe da kuka. Yaya ta gyaɗa kai.

Tana shirin biya Injiniya ya kira. Ta yi kuskuren gaya masa inda take.

"Ta rangwame? Haba Yaya! Ai duk abin da aka karya wa kuɗi akwai abin da ke damunsa. Wane kamfani ne? Nawa ne girman ma'ajiyarta? Ki bari in bincika in aiko da mai kyau."

"Wadda ka aiko tana durowa, tana gaishe ka."

Ta kashe, ta biya, ta sa Dogo ya manna wa fuskar wayar gilashin kariya, ya sa ta a riga mai kauri, don hannun Baba yana ɗan rawa.

A bakin shagon akwai rumfuna biyu na masu sayar da layi, suna kallon juna kamar maƙwabtan da ba sa ga maciji. Ɗaya ta kamfanin Tauraro ce, layin da Yaya da Auta ke amfani da shi. Ɗayar ta Walƙiya. Suna ganin kwali a hannunta suka taso.

Matar da ke rumfar Tauraro ta ce nasu ya fi arha, kuma in 'yan gida duk layi ɗaya suke, kira kusan kyauta ne. Mutumin rumfar Walƙiya ya ce arhar banza ce, me za a yi da layin da sai an hau bishiya? Ya ce su suna ba sabon shiga garaɓasar data. Ta Tauraro ta ce garaɓasar da ke ƙarewa kafin ka isa gida. Kowa ya miƙo mata takardar talla mai ƙyalli. Yaya ta tsaya a tsakaninsu, ƙafafunta na zugi, kanta na sarawa, ba ta gane komai a lissafinsu ba. Ta ce za ta dawo.

Ta tarar da Baba zaune a bakin gado, ya ƙure rediyo yana kallon bango. Ta ajiye masa kwalin a cinya.

"Mene ne wannan, Uwata?"

"Waya ce, Baba. Taka."

"Wa?"

"Taka!"

Ya buɗe a hankali, ya shafa fuskarta da babban yatsa, bai yi murmushi ba.

"Ni na ce ina son waya?"

"Don su Auta su riƙa samunka kai tsaye."

Wannan ya ji sarai. Ya rufe kwalin ya ce, "To. Shi ke nan kin huta da ni."

Maganar ta soke ta, amma ba ta da ƙarfin yin gardama. Ta durƙusa daidai kunnensa ta ce, "Ƙafata ce ke son hutu, Baba, ba ni ba." Ko ya ji ko bai ji ba, ya mayar da idonsa kan bango.

Ta hau bene wurin maƙwabciyarta Maman 'Yan Biyu, wadda ta san layin Walƙiya gare ta, ta roƙe ta aron ɗan lokaci. Matar ta sauko da kanta, don ba ta yarda a raba ta da layinta ko na minti ɗaya ba. Suka fara sa na Tauraro a sabuwar wayar. A kan gadon Baba babu ko sandar sabis ɗaya. A taga ta leƙo ta koma. Suka sa na Walƙiya, sai ga sanduna sun miƙe reras, a kan gado, a bayan ƙofa, har a lungun da ake ajiye buta.

"Ai na sha gaya miki," in ji Maman 'Yan Biyu. "Ƙarfen sabis ɗinsu yana nan bayan makarantar can. Naku kuwa sai an yi masa addu'a."

Da Auta ta ji, ita ma ta kawo nata. "Yaya, in kika sa masa Walƙiya kirana zai yi tsada fa. Ki sa masa irin namu mana, ba sai ya riƙa fitowa ƙofa ba?"

"Wa zai fito da shi?"

"To ai ke..."

Ba ta ƙarasa ba. Yaya ma ba ta taimaka mata ta ƙarasa ba. Suka yi sallama sama-sama.

Niyyarta ta yi rajistar layin Walƙiya da sunanta a hanyar dawowa daga aiki, a wuce wurin. Amma da ta shiga kai masa abinci, ta ga Baba ya ciro katin shaidarsa ya ɗora a kan kwalin, ya kuma fito da rigarsa ta fita ya rataye a ƙusa. Ta gane da kansa yake son zuwa. Ranar hutunta guda ɗaya a mako, wadda ta saba wanki ta ɗan miƙe baya, ita ta ɗauka ta kai shi.

Layi ne dogo a rumfar, rana kuma ta buɗe. Ta samo masa benci, ita ta tsaya. Da aka zo kansu na'urar ta ƙi karɓar yatsan Baba. Aka goge, aka sake dannawa, ta ƙi. Baba tsohon direban babbar mota ne, sitiyari ya cinye zanen yatsunsa tun tuni. Ma'aikacin ya gwada wannan yatsa ya gwada wancan, na bayansu suna tsaki, har dai ɗan ƙaramin yatsan hagu ya taimaka. Da za a ɗauki hoto Baba ya gyara wuyan riga ya ɗaure fuska kamar zai karɓi lasisi. Aka miƙo masa layin a 'yar takarda, ya karɓa da hannu biyu ya sa a aljihun gaba, ya dafe.

A mota suna dawowa ya ce, "Da sunana aka rubuta?"

"Da sunanka."

Ya gyaɗa kai, ya juya yana kallon titi.

Ta kwashe yammacin tana koya masa. Koren maɓalli shi ne na ɗauka, a ja shi gefe, ba a danna da ƙarfi kamar ƙararrawa. Ta sa hoton kowa a kan lambarsa don kada ya sha wahalar karatu. Ya kira Maman 'Yan Biyu sau uku bisa kuskure, ya ɗauki hoton silin da na gwiwarsa ba adadi.

Washegari ta dawo daga aiki a gajiye liƙis, ta zube a kujerar falo da jakarta a kafaɗa. Sai ga ƙarar nan ta tashi daga bayan kicin, kamar motar kashe gobara. Ta saurara. Ƙarar ta tsaya. Ta ji muryar Baba ta canza, yana cewa, "Kai! Kai! Wannan ƙaton waye? Shi ne ya yi haƙora haka?" Auta ce ta kira ta bidiyo tana nuna masa ɗanta. Yaya ta lumshe ido, ta saki jakar ta faɗi ƙasa.

Ba a jima ba ta ji, "Uwata! Uwata!"

Ta yi kamar ba ta ji ba. Ya sake kira. Ta tashi.

"Zo ki gaya min abin da take cewa. Ina ganin bakinta yana motsi, amma maganar a dunƙule take."

Ƙara dai akwai ta, har kicin ana ji. Kunnen ne ba ya rarrabe kalmomin. Yaya ta tsaya a ƙofa tana kallonsa da wayar a hannu, ta tuna rumfuna, da layi, da ranar hutun da ta tafi. Dariya ta so ta kama ta, ba ta samu ƙarfin yi ba. Ta shiga ta zauna a gefen gadon ta jingina da bango.

"Ta ce ya fara tafiya."

"Madalla! Ya biyo ni, ni ma da wuri na tashi."

"Ta ce ya jikinka."

"Ce mata da sauƙi."

"Tana jin ka, Baba. Kai ne ba ka jin ta."

Haka suka yi ta yi. Katifar da taushi, fanka na kaɗawa a hankali. Auta ta shiga ba da labarin wata maƙwabciyarta mai tsawo, Yaya na bi tana maimaitawa, muryarta na ƙara yin ƙasa. A tsakiyar wata jimla kanta ya karkata ya sauka a kafaɗar Baba.

Da ta farka hasken taga ya yi ja. Wuyanta ya ƙage, hular aiki na nan a kanta. Baba bai motsa daga inda yake ba. Ya tallafe gwiwar hannunsa da ɗaya hannun, wayar na rawa kaɗan-kaɗan, fuskarta na kallon Yaya. A ciki ga Auta zaune shiru, yaron ya yi barci a cinyarta.

"Na ce mata ta yi shiru kina barci," in ji Baba, da muryar da yake zaton raɗa ce. "Kuma ban san inda ake kashewa ba."

Yaya ta goge bakinta, kunya ta kama ta. "Ke kuma me ya hana ki kashewa daga can? Datarki fa."

Auta ta matso da fuskarta kusa da wayar. Idonta ya yi ja. Ta ce, "Yaya, haka kika rame?"

"Hasken ɗakin ne."

"Ƙarshen wata zan zo. In Baba ya yarda in tafi da shi ya kwana biyu a wurina, akwai likitan kunne kusa da mu."

"Me ta ce?" in ji Baba.

Yaya ta matsa kusa da kunnensa ta gaya masa duka, ba ta rage komai ba. Ya ce zai yi shawara, amma a tambaya masa ko layinsa yana kamawa a can. Auta ta ce za ta bincika.

Yaya ta kama yatsansa ta ɗora a kan jan maɓallin, suka danna tare. Ta karɓi wayar ta jona ta a caji, ta matsa masa hannun da ya sage har jini ya dawo, sannan ta tafi ɗora tukunya.