Shanun Kawu Na'iya

Goma ɗin nan ce ta fara tsone wa Zulfa ido. Tana duba sakamakon gwajin da aka yi a Kebbe, sai ta ga makiyayi na farko shanu goma, na uku goma, na bakwai ma goma, kamar waɗanda aka raba wa gado.

Ƙungiyar da take wa aiki a Tambuwal ta haɗa wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira, aka sa mata suna Wakili. Makiyayi zai buga waya ya yi magana, Wakili ya sa shi cikin jerin masu jiran allurar rigakafin ciwon huhun shanu. Wakili ba ya aiki da ka. Yana da kayan aikinsa, kowanne da ɗan bayanin da ke gaya masa amfaninsa da abin da zai zuba a ciki, kuma abin da bayanin ya ce shi yake bi. Aikin Zulfa ta karanta bayanan nan, ta gwada su, ta ba su maki daga ɗaya zuwa biyar. Wanda bai kai huɗu ba ba ya fita.

Bayanin rajista layi biyu ne kacal, Bilyaminu, babban ma'aikacinsu, ya rubuta: a sa sunan makiyayi da ƙauyensa da adadin shanunsa, adadi kuma dole ne.

Ta sa abin sauraro a kunne, ta kunna kiraye-kirayen da aka naɗa. Kira na bakwai muryar kawunta ce, Na'iya, wanda ta tashi a gidansa. Wakili ya tambaye shi shanu nawa gare shi. Kawu ya ce alhamdu lillahi, akwai 'yan na Allah. Aka sake tambaya, ya ce ba su taka kara sun karya ba. Wakili ya yi godiya, ya rubuta goma.

Zulfa ta dafe kai. Wane makiyayi ne zai buɗe baki ya ƙirga dukiyarsa ga baƙo, bare muryar da bai ga mai ita ba? An ce wa Wakili gurbin nan dole ne, ba a ce masa me zai yi idan an ƙi faɗa ba, shi ya sa ya cike da abin da ya ga dama. Da wannan jerin kuwa za a yi odar allura ranar Litinin. Idan ta zo a gajarce, rabin garke zai shiga damina babu rigakafi.

Ta ba bayanin maki biyu. A ƙasa ta rubuta gyara: a hana Wakili ƙago lamba, kuma idan mutum ya noƙe a tambaye shi kwalbar allura nawa aka ƙarar a garkensa bara. Wannan kowa zai faɗa ba kunya.

Bilyaminu bai karanta gyaran ba, makin kawai ya gani. Kwana biyu yana zagaya teburinta yana cewa bayani gajere ne, tsaf, ba kuskuren rubutu ko ɗaya, to me kuma ake nema? Da ta fara yi masa bayani a hankali sai ya katse ta, wai ita da ko gaisuwa sai an kasa kunne ake ji, ashe a takarda take da baki.

Ranar Alhamis shugabarsu Hajiya Batula ta kira zama don a rufe maganar. An gayyato uku daga cikin waɗanda aka yi gwajin da su, har da Kawu Na'iya, wanda ya sha hanyar Kebbe a bayan babur, jar ƙasa har gira. Ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa ya zauna kan tabarma, ya ce kujera ta ma'aikata ce.

Zulfa ta faɗi abin da ta gani, idonta a kan takarda. Bilyaminu ya jira ta gama.

"Ranki ya daɗe, abin da nika tambaya guda na," ya ce wa Hajiya. "Wa ya ce goman nan ba daidai ta ba? Ga mai shanu zaune. Baba, shanunka nawa?"

Kawu ya yi murmushi ya shafa gemu. "Na Allah na, ɗana. Mu kiwo ɗai muka yi."

"To kin ji. Bai musa ba."

Sauran makiyayan biyu suka sunkuyar da kai suna dariya ƙasa-ƙasa. Hajiya ta duba agogo, ta ce ita ba ta aiki da zato, in babu hujja a mayar da makin huɗu a wuce wurin. Ta jawo takardar, ta cire murfin biro.

Zulfa ta san adadin. Tun tana ƙarama take ƙirga su a zuci idan suna shigowa da yamma, ba ta taɓa gaya wa kowa ba, kuma da sallar da ta wuce ma ta ƙirga. Ta dubi kawunta ko zai taimake ta, shi kuwa yana kallon fankar sama. Bakin biro ya taɓa takarda.

"Sittin da fuɗu ne," ta ce. "Ban da maruƙan bana."

Ɗaya daga cikin makiyayan ya ce ma sha Allahu a hankali, irin wadda ake faɗa don kore baki. Hajiya ta ɗaga biron, ta dubi goman da ke takarda, ta dubi Bilyaminu, ta ce ya zauna yau ɗin nan ya sake bayanin yadda Zulfa ta rubuta, a kuma sake kiran kowa kafin Litinin. Bilyaminu ya ja kwamfutarsa yana gunaguni, yana tambayar ina gyaran yake.

Zulfa kuwa tabarma take kallo. Kawu Na'iya ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. Ruwan gorar da ta kawo masa da isowarsa yana nan ko buɗewa bai yi ba. Ya bi ta gefen kujerarta bai dube ta ba, ya zura takalmansa a bakin ƙofa, ya fita.