Kyanwar Shagon Tela

Duk layin an san kyanwar nan ta tela ce, shi kaɗai ne bai yarda ba. Kullum sai ya zo mata da kan kifi a leda, ta ci ta miƙe a ƙarƙashin keken ɗinkinsa. Amma in mai wanki, maƙwabcinsa, ya yi ƙorafin ta kwanta masa a kan guga, sai tela ya taɓe baki ya ce, "Ni ina ruwana? Zuwa kawai take yi."

Da kyanwoyi suka addabi layin, ma'aikatan dabbobi suka zo da mota da keji. Tsarinsu ba wuya. Mai uban gida a bar ta, a sa masa ranar kai ta allura da aikin hana haihuwa. Wadda ba ta da kowa a tafi da ita.

Wata ma'aikaciya ta riƙo kyanwar a cikin tawul, ta leƙo shagon. "Baba, taku ce?"

Mai wanki na bakin ƙofa yana murmushin mugunta. Tela ya dube shi, ya dubi kyanwar. Girman kai ya ci shi.

"Ba tawa ba ce, 'yata."

"Kun tabbata? In ta tafi ba lalle ta dawo ba."

Ya taka keke da ƙarfi, wai bai ji ba. Yana jin kukanta har motar ta sha kwana, ransa ya ɓaci ƙwarai, ya rasa wanda zai ɗora wa laifi.

Da yamma ya sa hannu a buhun ƙyallaye neman abin faci, ya taɓo wani abu mai ɗumi. 'Ya'yan kyanwar ne, ko ido ba su buɗe ba. Ya kira ofishin ma'aikatan dabbobin. Aka ce waɗanda aka kwasa yau an wuce da su wani gari, sai dai ya jira a bincika.

Mai wanki ya shigo, ya ga buhun, murmushin ya gudu. "Nawa ne?" ya tambaya, yana ƙirgawa da yatsa.

"Nawa ne," in ji tela.

Mai wanki bai yi dariya ba, ya fita ya sayo madara. Suka durƙusa, dattawa biyu, suna tsoma ƙyalle suna ɗiga musu a baki. Ƙaramin cikinsu ya ƙi tsotsa, sai lalube yake yi a tafin hannun tela.