Ƙarfe a Harshen Marnie

Sati ɗaya tak nake samun 'yata Marnie a shekara, tun da muka rabu da uwarta, Colleen, ta koma garin Wausau da ita. Sauran kwanakin daga ni sai shanu arba'in da biyu da rediyon wurin tatsa. Bana ta cika shekara goma sha takwas, takardar kotu ta daina aiki a kanta. In ta zo baɗi, don ta ga dama ne.

Ranar Asabar ta sauko daga motar ƙawarta da kofin ƙanƙara a hannu. Na ce, "Sannu da zuwa, 'yar birni." Maimakon ta amsa, sai ta buɗe baki. Wani siririn ƙarfe ne ya ratsa tsakiyar harshenta, da ɗan ƙwallo sama da ƙasa.

"Wa ya yi miki wannan aika-aika?"

Ta rubuta a waya ta nuna mini: jiya aka huda, zai yi kwana huɗu ko biyar a kumbure, kada in damu.

"Jiya? Marnie, sati guda fa gare mu."

Ta ɗaga kafaɗa, ta jefa ƙanƙara a baki.

Wata biyu na yi ina tara tambayoyin da zan yi mata. Sai ga mu zaune a kicin, ina cin naman barewar da na soya dominta, ita tana kurkure baki da ruwan gishiri. Ta liƙa takardar da aka ba ta a jikin firij. Rubutun ƙanana ne, tabarau na kuma yana cikin tarakta, don haka na sama kawai na karanta: ban da abinci mai zafi, ban da yaji, a kurkure baki bayan cin komai.

Ranar Lahadi har rana ta take ba ta sa komai a ciki ba sai ƙanƙara. Ko miyau za ta haɗiye sai ta runtse ido. A gidanmu ba a taɓa sayen madara ba. Daga tankin sanyi ake ɗiba, kuma ba a dafawa. Da ita na girma, da ita Marnie ta girma. Na cika jug na kawo mata. Ta sha kofi uku, ta ɗaga mini babban yatsa. Rabon da in ji na yi wa wani amfani irin na ranar har na manta.

Litinin da na dawo daga tatsar safe na same ta a bakin gado, tawul a haɓa, miyau na zuba. Harshen ya cika bakin. Ƙwallon sama ya fara nutsewa cikin nama.

Na san wannan. In kunnen maraƙi ya kumbura ya danne lambar da aka maƙala masa, yanke lambar ake yi, a shafa aidin, shi ke nan. Na ɗauko filaya, na tafasa ta a tukunya, na shigo da ita a kan faranti. Tana gani ta zabura ta shige banɗaki ta kulle. Wayata ta yi ƙara, saƙo ne daga gare ta.

"Baba, ni ba maraƙi ba ce. Ka kai ni wurin Renata."

Renata ita ce mai hujin. Tafiyar minti hamsin ce zuwa shagonta. Mace ce da ta fara furfura, hannayenta duk zane. Ta sa safar hannu, ta haska bakin Marnie, sannan ta dubi aljihun rigata, inda filayar ta leƙo.

"Baban Marnie, filayar fa? Katanga za ka gyara mana?"

Na faɗa mata gaskiya.

"Allah ya tsare! Da ka yanke, ramin ya rufe da ƙazantar a ciki, da yanzu likita ke maka wannan tambayar, ba ni ba. Me ta ci?"

"Madara kawai."

"Ta kanti?"

"Ta shanuna."

"Ɗanya? A kan buɗaɗɗen ciwo? Ai yana ƙasan takardar, bawan Allah." Ta juya ga Marnie. "Ke ma da idonki, uwar 'yan karatu."

Na tambaye ta ko ni na jawo. Ta ce ba za ta rantse ba, wani harshen yakan kumbura ya fi ƙarfin ƙarfen da aka sa masa, amma madarar ba ta taimaka ba. Ta kwance ƙwallon, ta tura wani ƙarfe mafi tsawo a bayan na farko. Marnie ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni, hawaye na gangara mata cikin kunne.

"Ku dawo Alhamis," in ji Renata. "Ta kwanta da filo biyu, ta ci gaba da ƙanƙara da ruwan gishiri. In zazzaɓi ya zo, ko numfashi ya fara yi mata wuya, asibiti kai tsaye. Ba a jira."

A mota maganar nan ta ƙi barina. Safe da yamma awa uku nake yi a wurin tatsa, inji na ruri, ko ihu aka yi a gida ba zan ji ba, balle wadda ba ta iya ɗaga murya. Gidan Colleen kuwa minti biyar ne zuwa asibiti. Da muka zo mararraba na karya kan mota hagu.

"Baba." Muryar ta fito da nauyi, kamar mai magana da dankali a baki. Ita ce kalmar farko da na ji daga bakinta bana. "Ba nan ba ne."

"Gidan mamanki ya fi kusa da likita."

"Ka gaji da ni?"

"Haba, uwata. Tsoro nake ji. Jiya na shayar da ke abin da aka hana, yau na zo miki da filaya. Ban san abin da zan yi gobe ba."

Na ci gaba da tuƙi har muka tsaya a ƙofar gidan uwarta. Colleen ta leƙo ta taga, ba ta fito ba. Marnie ta buɗe mota, ta tsaya da ƙafa ɗaya a waje, tana rubutu. Ta miƙo mini wayar.

"Alhamis ƙarfe goma. Kai za ka kai ni, ba Mama ba. Kayana su zauna a ɗakina na gidanka."

Na ce to. Na so in tambaye ta ko daga shagon gida za mu wuce, amma ta riga ta hau matakala, ƙarfe huɗu kuma na matsowa, shanu ba sa jira. Na juya mota na kama hanyar gona.