Kwalbar Malamin Ruwa

Siddiƙu ya ɗaga kwalbar ya duba, ya murza ido ya sake dubawa. Jiya da hannunsa ya cika ta a tafkin Kalgo, ruwa jajir da laka. Yau ga shi garau.

Bana hukumar En'e ta ɗauke shi malamin ruwa, aikin da shi kansa bai gama gane kansa ba. A Gwandu mahaifiyarsa har ta gaji da tambayar yadda aka yi jikan malamai ya ƙare karatun boko ya koma ɗibar ruwa. Abin da ya sani kawai, likitan Turawa a Birnin Kabi zai duba kwalbar. In ruwan ya ɓaci, za a gina wa garin rijiya. In yana da kyau, shi ke nan, ƙurunu, tsutsar nan da ake sha a ruwa, ya ci gaba da kwantar da mutane.

Kansa ya ɗaure. Ko laka ce ta kwanta? Babu ko ɗigo a ƙasa. Ko haka ruwa ke yi in ya kwana a kayan Bature?

Mai masaukinsa, tsoho Hamidu, ya shigo zaure yana jan ƙafar da ƙurunu ya kumbura, fuskarsa cike da fara'a.

"Malam, ka ga aikin matata Inno? Ita ta zubad da wancan, ta wanke kwalba, ta tace maka na randa, hadda alif ta sa."

"Baba, don mi?"

"Don mi? Baƙo daga Gwandu, mu bar ka ka kai ma Bature laka da sunan Kalgo? A ce mu ƙazamai na?"

Siddiƙu ya juya kwalbar a hannunsa. Tausayi ya kama shi, haushi ma haka. Zubar da kyautar mai gida a gabansa cin fuska ne, kai ta Birnin Kabi kuma kashe rijiya ne. A makaranta babu wanda ya koya masa wannan.

Ya dubi ƙafar tsohon. Sai ya durƙusa, ya yi bisimilla, ya kafa kai ya shanye ruwan tas.

"Allah shi yi ma Inna albarka, ban taɓa shan mai daɗi haka ba. Ya fi ƙarfin Bature, Baba."

Hamidu ya yi dariya har da tafi. Siddiƙu ya sa kwalbar a aljihu, ya nufi tafki.