Wayar Alhaji Sayibu

Ranar da Alhaji Sayibu ya kama haya a bayan titin Gate City Boulevard a birnin Greensboro, kafin ya sayi katifa sai da ya sa aka jawo masa waya. Baƙa ce, mai murɗaɗɗiyar igiya, tana zaune kan ɗan tebur tsakanin kicin da falo. Lambarta ta shiga gida-gida a Aboabo ta Kumasi, har ya zama duk ɗan zangon da ya sauka Amurka bai san kowa ba, ita yake fara bugawa. Da Alhaji ya rasu wayar ba ta motsa daga wurinta ba. Matarsa Hajiya Azaratu kan goge ta kowace safiya da gefen zanenta.

Autarsu Hamdia ce ke zaune da Hajiya. Ta gama jami'a, tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, ta fita da sassafe sai la'asar sakaliya ta dawo. Hajiya na fama da hawan jini, Turancinta bai wuce gaisuwa ba, wayar hannu kuma ta ce gilashin ba ya jin yatsanta. Wannan wuni da tsohuwar ke yi ita kaɗai shi ne ƙashin da ya tsaya wa Hamdia a wuya. Sai ta zaunar da ita gaban baƙar wayar.

"Mma, in kin ji jiri, ko hannunki ya yi nauyi, ki danna tara, ɗaya, ɗaya, lambar motar asibiti. Ba sai kin yi magana ba. Igiyar nan a bangon gidan nan take, suna ganin inda kike."

"To in obroni, Baturen can, ya tambaye ni abu fa?"

"Ki yi masa nishi. Nishi ba shi da yare."

Hajiya ta yi dariya har da riƙe ciki, amma ta koya.

A gidajensu, in uba ya kwanta dama, babban ɗa ke ɗaukar hularsa da zobensa, sunansa kuma ya hau kan duk abin da sunan uban ke kai. Ba a tambayar wanda ke kwana a gidan, ko wanda ke shara. Babban ɗan Alhaji shi ne Mashood, mai sayar da motoci na hannu, wanda ya tare da matarsa Abena a unguwar Sedgefield, inda ciyawar ƙofar gida ta fi shimfiɗar wasu laushi. Bayan addu'ar arba'in ya zo sanye da zoben, riƙe da wani ɗan akwati fari.

"An daina yayin igiya," in ji shi, yana durƙushe yana zare ta daga bango. "Wannan ta intanet ce. Mma ta wuni tana hira da Kumasi, ba kati, ba karce-karce. Lambar Baba ce dai, na sa an mayar da ita nan."

"Da sunan wa?" in ji Hamdia.

"Da sunan wa kike so? Baba ya rasu."

"Ni ke kwana a gidan nan, Yaya."

"Kwana dai. Gobe wani ya kawo goro ya ɗauke ki, sai mu bi ki gidan miji neman lambar Baba?"

"In an kira motar asibiti fa? Tsohuwar tana nuna musu gida."

"Wannan ma tana nunawa. Na cike komai."

"Ba ni kalmar sirrin in duba."

Mashood ya ɗago ya dubi uwarsu yana dariya. "Mma, kin ji Malama mai digiri? Za ta yi min jarrabawa."

"Hamdia," in ji Hajiya a hankali, "yayanki ne."

Kalmomin nan biyu Hamdia ta tashi tana jinsu. Da su aka karɓe mata cinyar kaza tana yarinya, da su aka ba Mashood motar Baba ita tana bin bas zuwa jami'a cikin sanyi. Ta haɗiye, kamar yadda ta saba.

Gaskiya ɗaya ce, wayar ta yi wa Hajiya daɗi. Sai Hamdia ta dawo aiki ta tarar da ita miƙe kan kujera, tana ba ƙanwarta Rahina ta Kumasi labarin yadda ake sayar da ganyen waakye, na dafa shinkafa da wake, a nan kamar zinariya. Hamdia ta sake tuntuɓar Mashood zancen adireshi, ya ce ta cika naci kamar ƙudan damina. Ta sake, ya kashe wayarsa. Daga nan ta bar shi, don Hajiya ta fara yi mata kallon mai neman fitina.

Abin da ya faru ranar wata Talata, Hamdia ba ta gani ba. Tana bakin aiki, wayarta na kulle a akwatin ajiyar ma'aikata. Daga baya ta tsince shi guntu-guntu, daga bakin Abena da na ma'aikatan motar.

Hajiya na girki da hantsi ludayi ya suɓuce mata. Ta sunkuya ta ɗauka, hannun dama ya ƙi. Da jan ciki ta kai tebur, ta danna tara, ɗaya, ɗaya, ta yi nishi, kan wayar ya faɗi ƙasa. Duk abin da aka koya mata ta yi shi daidai. Motar asibiti ta taso da jiniya, ta bi adireshin da ya fito musu, ta tsaya a Sedgefield.

Abena ta buɗe ƙofa da tawul a kanta, ta ce ba mara lafiya a nan. Suka ce daga gidan nan aka kira, dole su duba. Suka shiga ɗaki-ɗaki, har banɗaki, har gareji. Suka nuna mata lambar, ba ta gane ta ba, don ita a wayarta "Mma" kawai take dannawa. Ta kira mijinta, yana kan titi da wani mai son sayen mota, bai ɗauka ba. Sai da ta yi ta bugawa kafin ya amsa. Da ta karanto masa lambar, sai ya ce, "Innalillahi."

Filin motocinsa ya fi kusa da gidan Hajiya, shi ya riga su isa. Ya buɗe da makullinsa, ya kashe tukunyar da ta ƙone ƙurmus, ya sungumi uwarsa. Yana fitowa da ita a hannu yana kuka motar na shigowa. Wannan ne abin da maƙwabta suka gani.

Hajiya ta rayu. Amma ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace. Likitar ta gaya wa Hamdia abin da ta riga ta sani, cewa a wannan ciwo kowane minti da ya wuce yana tafiya da abin da ba ya dawowa, kuma an ɓata da yawa.

Kafin kwana biyu labarin ya kewaye 'yan zango na Greensboro, ya tsallaka Kumasi, ya dawo da sabon kaya. Hamdia na zaune bakin gado tana shafa wa uwarta mai a ƙafa Anti Bebi, maƙwabciyarsu, ta shigo da ayarin mata.

"Ikon Allah!" in ji Anti Bebi. "Mota ta wuce gidaje dubu, ba ta tsaya ko'ina ba sai ƙofar ɗanta. Ai Allah ne ya aika a kira shi. Da idona na gan shi ya ɗauko ta kamar jaririya."

"Ɗa namiji ke nan," in ji wata.

"Ke kuma Hamdia," Anti Bebi ta juyo, "ba don in ɓata miki ba. Aikin nan da kike bar masa tsohuwa tun safe, kin ga inda ya kai mu. Jinin wasu kike aunawa, na uwarki yana hawa."

Hamdia ta ajiye kwalbar man. Maganar ta taso mata har baki, tana jin zafinta a haƙora. Sai ta ji an damƙi wuyan hannunta. Hannun hagun Hajiya ne, wanda ya rage mata, da ƙarfin da ba ta san akwai shi ba. Idon tsohuwar na kanta, yana roƙo. Ashe ta sani. Tana kwance a ƙasa ta ji jiran motar ya yi tsawo, ta kuma san dalili.

Hamdia ta ɗauki kwalbar ta ci gaba da shafa.

A farfajiya ta tare Mashood. Ya rame, idonsa ja.

"Sun ce adireshi, na sa nawa," in ji shi kafin ta buɗe baki. "Sunana ne a kai, sai na sa inda nake. Wa ya san na motar asibiti ne?"

"Na tambaye ka, Yaya. A gaban Mma na tambaye ka."

"Ƙaddara ce, Hamdia. Abin da Allah ya rubuta..."

"Allah bai rubuta Sedgefield a kwamfuta ba. Ba ni kalmar sirrin."

Ya murza zoben yatsansa. "Zan gyara da kaina."

Hajiya ta yi makonni ana koya mata haɗiya da zama. Hamdia ta koma aikin rabin yini, ta samu wata mata mai kula da tsofaffi da za ta riƙa zuwa. Duk da haka akwai lokacin da Hajiya za ta kasance ita kaɗai da waya. Ana gobe sallama ta tambayi Mashood ko ya gyara. Ya ce ya shiga abin ya ƙi, zai kira kamfanin wayar ranar Litinin. Ta kira kamfanin da kanta, wata murya mai zaƙi ta ba ta haƙuri, ta ce da mai sunan kawai suke magana. Ta kira kamfanin tsohuwar igiya, suka ce wanda ya fita ya fita, sun daina jan sabuwa zuwa wannan gini. Litinin ta zo ta wuce.

Ranar Lahadin da ta biyo falon ya cika da 'yan barka. Malam Zubair, dattijon da ke ja musu salla, yana kan kujerar Alhaji. An zaunar da Hajiya a keken guragu, an ɗaura mata sabon kallabi. Mashood na gefenta yana amsa addu'a. Hamdia ta gama raba shayi, ta ajiye faranti, ta durƙusa ƙarƙashin ɗan teburin. Ta zare farin akwatin, ta naɗe igiyoyinsa, ta sa a leda, ta kai gaban yayanta ta ajiye.

"Ga wayarka, Yaya. Ka kai ta gida, tun da can take kiran mota."

Duk idanu suka koma kan ledar.

"Meye haka?" in ji Malam Zubair.

"Malam, ba mala'ika ne ya kai motar Sedgefield ba. Adireshinsa ya rubuta a kan wayar Mma. Tana kwance a nan, suna can suna duba banɗakin Abena. Har yau bai canja ba. In ta sake faɗuwa gobe, can za su sake zuwa." Ta nuna ɗan teburin. "Na sa wata, da sunana, da adireshin gidan nan. Sabuwar lamba ce. Wanda ke so in ba shi."

"Hamdia, ba a haka," in ji Malam. "Ana rufa wa juna asiri."

"Na rufa, Malam. Tun daga asibiti nake rufawa. Yanzu uwata nake rufa wa."

Anti Bebi ta kama haɓa. Wata ta ce, "Boko ke nan." Mashood ya daɗe yana kallon ledar, sannan ya ɗauka ya fita, lambar Alhaji Sayibu a hammatarsa. Ɗaya bayan ɗaya baƙin suka nemi takalmansu. Ba wanda ya tambayi sabuwar lambar.

Hamdia ta kwashe kofunan, ta tara ruwan ɗumi, ta tura keken zuwa banɗaki. Hajiya ta kawar da kai tana kallon bango. Sai da aka kwance mata kallabi ta yi magana, kalmomin na fita da ƙyar ta gefen baki.

"Kin... kunyata... yayanki."

"Na ji, Mma."

"Lambar... babanku."

"Ta tafi."

Hawaye ya gangaro ta idon da ke rufuwa. Hamdia ba ta share mata ba, ba ta kuma ba ta haƙuri ba. Ta tsoma gwiwar hannu a ruwan ta ji zafinsa, ta matse soso, ta sa kafaɗarta ƙarƙashin hammatar da ta mutu.

"Jingina da ni sosai," ta ce. "Za mu tashi."