Hutun da Injiniya Ya Kasa Yi

Wayar tana kan tebur, shiru, amma Injiniya ya kasa ƙyale ta. Ya ɗauka, ya duba, ya kife, ya sake ɗauka. Ƙafarsa sai kaɗawa take yi, har shayin da ke kofi yana rawa.

"Abban yara, yau fa hutu ne," in ji matarsa tana yanka burodi. "Ba mai kiranka."

"Shirun ne bai yi mini ba."

Kamfanin rarraba kaya yake wa aiki. Shi ke kula da manhajar da ke haɗa sito da direbobi da ofishin karɓar oda. Tsohuwar manhajar dunƙule guda ce, da zarar wani ɓangare ya yi tari sai a kashe komai, motoci su tsaya, oga ya hau kira. An sha tayar da shi da loma a hannu. Ranar da matarsa ta haifi autarsu ma, daga ƙofar ɗakin haihuwa aka janye shi. A lokacin ne oga ya fara ajiye wa ma'aikata wasu ƙwayoyi kusa da butar shayi, wai don ido ya buɗe.

* * *

Da hantsi Dogo, abokin aikinsa, ya zo gaisuwa. Ya yi ƙiba, har da ɗan tumbi.

"Madam, ai mijinki ya 'yantar da mu," ya ce yana dariya. "Ya rarraba manhajar gida-gida a cikin akwati ɗaya. In ta direbobi ta lalace, sai mu zare ta mu gyara mu mayar, sauran suna ta aikinsu. Jiya muka sauya ta sito da rana tsaka, ko mai shara bai sani ba. Yanzu har yarana sun gane fuskata."

Injiniya bai yi dariya ba. Ya miƙe, ya leƙa taga, ya zauna, ya sake miƙewa ya shige ɗaki.

Matar ta rage murya. "Dogo, don Allah ka gaya mini gaskiya. Har yanzu yana sha?"

Dogo ya sunkuyar da kai yana murza makullin mota. "Ni da ƙyar na bari. Shi kuwa ya fi kowa sha, don shi ya ɗauki nauyin aikin. Da aka gama, oga ya kwashe ƙwayoyin daga ofis. Yanzu a bakin tasha yake saye."

"Ogan ya sani?"

"Ya sani. Shekaranjiya mijinki ya daka wa akantan kamfani tsawa a gaban baƙi. Oga ya ce kamfani ba gidan 'yan ƙwaya ba ne, in bai gyara ba a nemi wani. Na ce ranka ya daɗe, a ina ya koya? Ya ce shi bai taɓa ɗura wa kowa a baki ba."

Shekaru tana roƙon Allah ya dawo mata da mijinta gida. Ga shi ya dawo.

* * *

Bayan ta raka Dogo, ta tarar da mijinta zaune a ƙasan ɗaki. Ya kwance fankar da lafiyarta ƙalau, ya baje kayan cikinta a kan kafet. Autar tana barci a gado, gumi ya jiƙa mata wuya.

"Wata ƙara nake ji a cikinta," ya ce bai ɗago ba.

"Ba ta ƙara, Abban yara." Ta durƙusa a gabansa. "Gobe mu je wurin likita. Ni zan raka ka."

"In aka ji a ofis fa?"

"An riga an ji."

Ya ɗauki wani ɗan ƙaramin noti zai mayar, ya kuskure ramin. Ya sake gwadawa, notin ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin gado.

"Na gama aikin fa," ya ce a hankali, idonsa ya cika. "Komai yana tafiya daidai. Me ya sa na kasa zama?"

Ta kama hannunsa ta riƙe da nata biyu, ta matse. Hannun ya ci gaba da rawa a cikin tafinta.